TUMBI BA ARZIKI BA NE: Hanyar Rage Ƙiba da Fito da Tsokar Ciki

Gabatarwa

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Jama'a, an shirya wannan ɗan littafi ne domin a yi muku bayani a kan al'amarin da ya shafi mace da namiji, na birni da na ƙauye, watau tumbi da yadda ake rabuwa da shi. A da, idan mutum ya ajiye tumbi akan ce ya ji daɗi, kuɗi sun zauna. Yanzu kuwa samari da yawa sun juya ga wani buri dabam. Suna so cikinsu ya lafe, tsokarsa ta fito gida-gida irin ta 'yan ƙwallo da 'yan dambe, abin da suke kira sikis-fak, watau ƙulli shida. Mai alfahari da tumbi yana cikin haɗari bai sani ba. Saurayin nan kuwa burinsa ba laifi, sai dai sau da yawa yakan bi hanyar da ba ta ɓullewa, ya yi asarar kuɗi, wani lokaci har da lafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022, mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da matsananciyar ƙiba, kuma yawan masu ita cikin manya ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Abin da a da ake ɗauka ciwon Turawa ne, ga shi yau a ofisoshinmu da kasuwanninmu da tashoshin motarmu.

Magana ɗaya ce za mu yi, a riƙe ta da kyau. Kowa yana da tsokar nan a cikinsa, kitse ne ya lulluɓe ta. Kitsen ciki kuwa ba ya tafiya shi kaɗai, sai an rage na jiki duka, ta hanyar gyaran abinci da aikin ƙarfi, sannu a hankali.

Abin da ke ƙarƙashin fatar ciki

Bangon cikin ɗan Adam yana da manyan tsokoki iri huɗu a dama, huɗu a hagu. Ta gaba doguwa ce, ta taso daga ƙashin mara har zuwa ƙasan ƙirji. Wasu fararen jijiyoyi masu tauri, galibi guda uku, sun gitta ta, wata kuma ta raba dama da hagu. Su ne suka yanka ta gida-gida kamar fangalin lambu. Yawan gidajen halitta ce: wani huɗu za a gani, wani shida, wani takwas, kuma babu motsa jikin da zai ƙara ko ɗaya. Sai biyu da ke kwiɓi a karkace, waɗanda ke juya jiki lokacin da mutum ke sara da gatari. Ta huɗu tana can ciki, ta zagaye mutum kamar ɗamara, tana riƙe da hanji, tana tallafa wa ƙashin baya.

Kitsen ciki shi ma iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda za ka iya damƙa da yatsu; shi ne ke ɓoye tsoka. Akwai kuma na can ciki, wanda ya kewaye hanji da hanta, irin wanda mahauci ke zarowa daga cikin rago. Wannan na biyu shi ne ke turo ciki gaba ya yi tauri kamar ganga, kuma shi ne mafi haɗari, domin yana da hannu a ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Abin farin ciki shi ne, idan mutum ya fara motsa jiki ya gyara abinci, wannan mugun kitse yana cikin waɗanda ke saurin raguwa.

Darasi daga ƙasar Nok

Domin mu ga yadda abinci da aiki suke gina jiki, bari mu leƙa kudancin Jihar Kaduna. A can, kusa da garin Kwoi cikin ƙasar Jaba, akwai ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumi na yumɓu a 1928. A 1943 aka sake samun wani kai kusa da Jama'a, aka kai wa Bernard Fagg a Jos, wanda ya gane cewa aikin wata tsohuwar al'umma ce guda, ya sa mata sunan ƙauyen. Tun daga 2005 masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasarmu, suka shiga tono a kufan mutanen nan, waɗanda suka fara zama a yankin kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Sun sami ƙonannun ƙwayoyin gero da wake da ƙwallon atili, kuma a 2021 aka tabbatar da ɓurɓushin kakin zuma a jikin tukwanensu. Ashe ke nan abincin da ya riƙe mutanen da suka narka ƙarfe, suka gina waɗannan abubuwan mamaki, yana nan a kasuwar Kafanchan har gobe.

Yanzu dubi jikokin da suka gaji ƙasar. Manomin citta na Kwoi ko Kachia shi zai yi huɗa da garma, ya shuka, ya rufe gonar da ciyawa, ya yi noma, ya haƙe cittar da kaka, a tsaga ta, a shanya, ya ɗauki buhu ya kai bakin hanya. Matarsa ita ce da daka, da surfen acca, da ɗibar ruwa, da itace. Mutanen Kagoro kuwa hawa da saukar dutse ba baƙon abu ba ne gare su. Duk wanda ya ga irin wannan manomi ya tuɓe riga a gona zai ga ƙullin cikin da saurayin birni ke nema da kuɗi. Garma tana aiki da baya, da cinya, da kafaɗa, da ciki a lokaci guda, abincinsa kuma faten acca ne da ganye da wake.

Amma zamani riga ne. Tun da Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, aikin albashi ya yawaita, daga baya kuma aka sami injin niƙa, da acaba, da lemon kwalba, da biredi, da taliyar leda. Ɗan manomin nan ya zama akawu ko direba ko mai kanti. Ya bar garma, amma bai rage malmalar tuwo ba, har ma ya ƙara mata sukari da soye-soye. Abincin da mahaifinsa ke ƙonewa a kunya, shi a kan kujera yake tara shi. Wannan shi ne asalin tumbi, a Kafanchan da Kano da Ikko duka.

Kada kuwa a fahimci maganar a baibai. Ramewar yunwa ko ta ciwo ba lafiya ba ce. Wanda haƙarƙarinsa suka fito saboda rumbu ya ƙare tsakiyar damina, tsokarsa ma tana zagwanyewa. Abin nema shi ne jiki mai ƙarfi, mai cin ƙoshi daidai da aikinsa.

Yaya za ka san ƙugunka ya wuce kima?

Nemi tef ɗin tela. Tsaya a miƙe, ka saki cikinka, ka fitar da numfashi, sannan ka zagaya tef ɗin tsakanin ƙasan haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, wajen cibiya. Idan namiji ya kai santimita 94, watau inci 37, ko mace ta kai santimita 80, watau inci 31 da rabi, to, a fara hattara. Idan namiji ya wuce santimita 102, watau inci 40, ko mace ta wuce 88, watau inci 35, haɗarin ya yi yawa.

Wanda ba shi da tef, ya yanki igiya daidai tsawonsa daga ka zuwa ƙafa, ya ninka ta biyu. Idan ninkin bai zagaye cikinsa ba, ƙugunsa ya wuce rabin tsawonsa, lokacin gyara ya yi. A riƙa awon nan sau ɗaya a wata, domin yakan faɗi gaskiya fiye da sikeli.

Kuskuren da ya fi yawa

Mutane da yawa suna zaton idan suka kwanta rigingine suna tashi zaune sau ɗari kullum, kitsen cikinsu zai narke. An gwada wannan. A 1984, a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, aka sa maza 13 suka yi irin wannan tashi zaune sau 5,004 cikin kwana 27. Da aka duba, kitsen cikinsu bai fi na bayansu ko na ɗuwawunsu raguwa ba. A 2011 aka sake wani gwaji a Jihar Illinois, inda aka yi mako 6 ana motsa tsokar ciki kwana 5 a mako. Tsokar ta ƙara juriya, amma kitsen yana nan inda yake.

Dalili kuwa shi ne, kitse rumbun jiki ne. Idan abin da mutum ya ci bai kai abin da ya ƙona ba, jiki yakan buɗe rumbun, ya ɗebo daga ko'ina, jini ya kai inda ake bukata. Ba kai ke zaɓen inda za a ɗebo ba; gado ne da halitta. Ga maza da yawa, na ƙasan cibiya ne ke yin ƙarshe.

To, ina kitsen yake tafiya? Masana sun lissafa a 2014 cewa cikin kowane kilo 10 na kitsen da aka ƙona, kilo 8.4 ta huhu yake fita tare da numfashi, sauran 1.6 kuma ya zama ruwa. Saboda haka wanda ya naɗe cikinsa da leda don ya yi gumi, ruwa kawai ya zubar, da ya sha moɗa biyu nauyinsa ya dawo.

Gyaran abinci

Ƙarfin da abinci ke bayarwa ana auna shi da kalori. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kimanin 7,700. Wanda ya rage kalori 500 kullum zai sauke kusan rabin kilo a mako. Likitoci suna ba da shawarar kada a wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, domin gaggawa tana cinye tsoka tare da kitse. Ga matakan da za a bi:

1. Fara da abin sha. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9, da kalori wajen 150, watau sai ka yi tafiyar sauri ta rabin sa'a kafin ka ƙone ta. Saboda irin wannan illa ne Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari. Kunun zaƙi da zoɓo da shayi su ma a sassauta musu sukari. Babbar kwalbar giya tana da kalori wajen 250, burkutu ma ba a baya yake ba.

2. Kula da mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Uwargida ta riƙa aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba. Dafaffe da gasasshe sun fi soyayye.

3. Raba kwanonka huɗu. Kashi biyu ganye da kayan lambu, kamar zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kuɓewa, kabeji da gauta. Kashi ɗaya abinci mai gina jiki. Kashi ɗaya tuwo ko shinkafa ko doya, gwargwadon dunƙulen hannunka. Acca da gero da dawa sun fi farar fulawa riƙe ciki, amma su ma idan an cika su, kitse suke zama.

4. Kada ka rage abinci mai gina jiki. Shi ne tubalin tsoka. Mai aikin ƙarfi da ke son tsokarsa ta ƙaru yana bukatar kimanin giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 70 ke nan giram 110 da ɗoriya. Ƙwai ɗaya yana ba da giram 6. Ba sai mai kuɗi ba: wake, awara, ƙuli-ƙuli, gujiya, nono, busasshen kifi da kaza duk suna yi. A rarraba su cikin abincin safe da rana da dare. Mai ciwon ƙoda ya fara neman shawarar likita.

5. Rage gishiri da magi. Gishirin yini guda kada ya kai giram 5, watau ƙaramin cokali ɗaya. Daddawa da citta da tafarnuwa da albasa suna ba miya ɗanɗano.

6. Yi barci aƙalla sa'a 7. Ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Motsa jiki

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce, baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Matsakaici shi ne wanda za ka iya magana kana yinsa, amma ba ka iya rera waƙa: tafiyar sauri, tuƙa keke, noma, daka, hawan tudu. Minti 30 kullum, kwana 5 a mako, ya cika ƙa'ida. Tafiyar da ba ta kai mil ɗaya ba, a bar acaba a taka da ƙafa.

Aikin ƙarfafa tsoka kuwa shi ke gaya wa jiki cewa ana bukatar tsokar nan, kitse za a ƙone. Ba ya bukatar komai sai tabarma:

Tsugunna ka tashi, bayanka a miƙe, diddigenka a ƙasa, sau 10 zuwa 15.

Kifa ciki, ka tokare ƙasa da tafin hannu, ka ɗaga jiki ka sauke, iyakar abin da za ka iya.

Tokare ƙasa da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jikinka ya miƙe kamar taɓarya, ka tsuke ciki, ka tsaya daƙiƙa 20. Da ka saba, ka kai minti ɗaya.

Kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ka ɗaga kafaɗu kaɗan daga ƙasa kana fitar da numfashi, sau 10 zuwa 15. Kada ka ja wuyanka da hannu.

Ɗauki jarkar ruwa da hannu ɗaya, ka yi taku 30 ba tare da ka karkace ba, sannan ka sauya hannu. Wannan yana ƙarfafa kwiɓi.

A maimaita kowanne sau 3, a huta kwana ɗaya tsakani, domin a lokacin hutu tsoka ke ginuwa. Kowane mako biyu a ƙara kaɗan. Wanda ke da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon sukari, ko ciwon baya, da wanda ya manyanta kuma ya daɗe bai motsa jiki ba, su fara zuwa asibiti a duba su. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin yi, ya tsaya nan take.

Yaushe za a ga ƙullin?

Ga yawancin maza, gidajen tsoka ba sa bayyana sosai sai kitse ya sauko zuwa wajen kashi 10 zuwa 14 cikin 100 na nauyin jiki. Mai tumbi babba zai yi watanni da yawa, watakila fiye da shekara, kafin ya kai nan. Wani kuma ba zai kai ba, ba kuwa wata hasara ya yi ba. Sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi kawai, watau kilo 5 zuwa 10 ga mai kilo 100, ya isa ya sassauta hawan jini da sukari. Ƙullin ado ne, lafiyar ita ce ribar.

Mace kuwa an halicce ta da kitse fiye da namiji, kuma jikinta yana bukatarsa. Idan ta matsa wa kanta da yunwa, haila na iya ɗaukewa, ƙashi ya yi rauni. Mai ciki kada ta shiga rage ƙiba. Mai jego ta sani cewa tsokar gaban ciki takan buɗe a tsakiya saboda goyon ciki, don haka ta bari ungozoma ko likita su duba ta kafin ta fara motsa ciki. Yara masu tasowa kuma wasa da guje-guje suke bukata, ba a hana su abinci.

Hattara da masu magani a gonar yaro

A tasha da kasuwa da intanet za ka ji ana tallar shayin narka tumbi, da ɗamarar rage ciki, da man shafawa. Yawancin irin wannan shayi maganin gudawa ne ko na fitsari. Ruwa yake zubarwa, yana kuma iya taɓa ƙoda da hanta. An sha kama wasu da sinadarin sibutaramin a ɓoye, maganin da ƙasashe da yawa suka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki. Ɗamara tana matse ciki ne kawai, da an kwance ta ya dawo. Ko cittar Kwoi, duk da kyaunta da ƙamshinta, ba ta narka kitsen wanda bai gyara kwanonsa ba. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka da ake sayar wa samari a ɓoye suna lalata hanta da zuciya, suna kuma rage haihuwa. Kada a sha abin da ba shi da lambar hukumar NAFDAC, kada kuma a ɗauki lambar a matsayin alkawarin cewa tumbi zai tafi.

Har ila yau, ba kowane babban ciki ne kitse ba. Idan ciki ya kumbura cikin ɗan lokaci, ko idanu suka yi rawaya, ko ƙafafu suka kumbura, ko aka ji ƙullutu a mara ko cibiya, ko mutum yana ramewa ba dalili, a garzaya asibiti. Yana iya zama ciwon hanta, ko ƙaba, ko ƙari a mahaifa. Yaron da cikinsa ya yi tulu, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura, tamowa ce ke damunsa, a kai shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Kammalawa

Jama'a, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Abin da ake bukata yana hannunmu: wake da ganye a kasuwa, ƙafafu biyu, tabarma, da igiyar awo. Maigida ya auna ƙugunsa yau, ya rubuta. Uwargida ta auna mai da sukari. Saurayi ya ajiye kuɗin shayin tasha ya sayi ƙwai da awara. A je asibiti mafi kusa a gwada jini da sukari aƙalla sau ɗaya a shekara. Tumbin da ya yi shekara goma yana taruwa ba zai tafi cikin kwana goma ba, amma sannu ba ta hana zuwa.

Idan ka karanta wannan ɗan littafi, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya karatu ba. Rigakafi ya fi magani.